Ƙwan Toka na Ƙarshe

A layinmu ba a kiransa da wani suna sai Mai Agogo. Shagonsa bai fi tsawon tabarma ba, yana maƙale tsakanin shagon Tela da na mai sayar da fitilu. Shekara talatin da huɗu ya yi a cikinsa, da gilashi manne a idonsa na dama, yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki. Mutum ne siriri, mai tsabta, mai ƙarancin magana. Idan ka kai masa agogo, agogon yake kallo, ba fuskarka ba. Idan kuwa ka makara da kwana ɗaya wajen karɓa, sai ya jefa shi a aljihun tebur na ƙasa, ya bar ka kana zarya har mako guda.

Amma ba a shagon zuciyarsa take ba. A kan rufin gidansa, wanda aka daɓe da siminti, ya gina ɗakin tantabaru da katako da waya, ya jera akwatuna hawa uku a jikin bango. Hawan sama na 'yan tsere ne. Na tsakiya na matasa ne, waɗanda ba a gwada su ba tukuna. Na ƙasa kuwa, dab da daɓe, na 'yan reno ne: tantabarun da ba su da gudu, aikinsu kawai su kwanta a kan ƙwan wasu su ƙyanƙyashe. Su waɗannan ba a barinsu su haifi nasu. Da zarar sun saka ƙwai sai a kwashe, a sa musu na katako, su yi ta ɗumama shi har ranar da za a buƙace su.

Kiwonsa irin na mai gyaran agogo ne. Hatsi a kan ƙaramin sikeli yake auna shi, masara daban, wake daban. Wanka ranar Talata. Kowace safiya yakan sake su, ya kafa doguwar gora mai jan ƙyalle a samanta don kada su sauka, su yi ta kewaya sama sa'a guda cif, yana tsaye da agogo a tafin hannu. Idan tsere ya gabato, yakan ba Direba, mai motar unguwar, kwandonsu, a tafi da su nesa kaɗan a sake su, gobe a ƙara nisa, jibi a ƙara.

Masu kiwon tantabaru a unguwar sun kai goma sha biyar, kuma ƙofar shagon Tela ce majalisarsu. Idan za a yi tsere akan sa wa kowace tantabara zoben roba mai lamba a ƙafa, Direba ya yi tafiyar kwana biyu da su, ya sake su da sassafe gaba ɗaya. Wanda tasa ta fara dawowa, ya cire zoben ya kai teburin Tela, shi ne ya ci. Abin da ake ci bai taka kara ya karya ba. Suna ake nema, da kuma ikon yi wa sauran dariya har tsere na gaba.

Mai Agogo yana da doka guda wadda kowa ya sani: tantabarar da ta kwana a hanya ba ta sake cin hatsinsa. Ko iska ce ta tsare ta, ko shaho ne ya kore ta, wannan bai dame shi ba. Idan ta sauka washegari, a nan kan rufin yake yanka ta, a gaban sauran, ya miƙa wa matarsa ta fige. Bai tsaya a kan nasa kaɗai ba. Wata shekara tantabarar Mahauci ta dawo bayan kwana uku da karyayyen fiffike, Mahauci ya ɗaure mata shi, ya yi jinyarta wata guda. Mai Agogo ya jira sai da majalisa ta cika, sannan ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ke kayar da bijimi kullum ba amma tantabara ta sa shi hawaye. Ya ba da shawara a saya wa Mahauci zane ya riƙa goya ta. Aka yi dariya har Tela ya soki yatsarsa da allura. Mahauci, ƙaton mutum mai sanyin murya, ya yi murmushi kawai. Shekara bakwai ana kiransa Mai Goyo.

Matar Mai Agogo ita ce mai share ɗakin tantabarun. Kullum bayan ya tafi shago takan hau da tsintsiya da bokiti, ta kankare kashi, ta wanke kaskon sheƙa, ta canja ruwa. Da yake gwiwoyinsa sun daɗe da ƙin durƙuso, hawan ƙasa gaba ɗaya a hannunta yake. Ita ke kwashe ƙwan 'yan reno, ita ke sa na katako. A shekarar farko ta aurensu ta taɓa ce masa wata matashiya tana numfashi da baki buɗe. Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ce mata tsintsiya aka ba ta, ba a ba ta baki ba. Ranar da yake son jin ra'ayin mai shara a kan tantabara zai aika a kira ta. Matashiyar ta mutu bayan kwana biyu. Bai taɓa aikawa ba, ita ma shekara ashirin da shida ba ta sake cewa uffan a kan tantabara ba. Ba ya kiran sunanta. "Ke" yake cewa, ta amsa.

Sunan da ya yi a unguwar kuwa, tantabara guda ce ta yi masa shi. Toka ake ce mata saboda launinta: ƙarama, mai faɗin ƙirji, da ɗigon fari a bayan wuya. Sau goma sha ɗaya tana zuwa ta ɗaya a dogon tsere. An daɗe ba a san sirrin ba, sai da Direba ya lura cewa a cikin kwando Toka ba ta ci, ba ta sha, sai dai ta yi ta tura ƙirjinta a jikin sandunan ta gefen da gida yake.

Ga abin da yake yi. Yakan daidaita lokaci yadda tsere zai same ta tana kwance a kan ƙwai. Ana gobe za a sa ta a kwando, sai ya ɗauki ƙwai ɗaya ya kai shago. Da siririn zarto na aikin agogo yake yanke kan ɓawon, ya tsiyaye abin da ke ciki, ya sa ƙaramin baƙin ƙwaro, irin wanda ake samu a ƙarƙashin randa, ya mayar da murfin ya liƙe da narkakken kyandir, ya bar ƙofar iska kamar bakin allura. Ɗaya ƙwan kuma ya fasa shi ya zubar. Toka ta hau sheƙa, ta ji abu yana motsi a ƙarƙashin cikinta, yana karce ɓawo. Sai ta lafe, ta buɗe fukafukai, ko hannu ka kai sai ta sare ka. A daidai wannan hali yake ɗauke ta ya miƙa wa Direba. Abin da ke dawo da ita kamar harsashi ke nan. Idan ta sauka, kafin ya gama cire zoben ta fizge ta faɗa sheƙa, ta tarar da kasko fayau.

Da maganar ta fito, Tela ya tambaye shi me ya sa bai taɓa barinta ta ƙyanƙyashe ko sau ɗaya ba. Ya ce wadda ta taɓa samu ta san iyakar abin, ba ta gudu kamar wadda ba ta taɓa samu ba. Aka ce to, ya ba 'yan reno ƙwai ɗaya mana, maimakon fasawa. Ya ce matasa sukan ɓata hanya su faɗa ɗakin wani, kuma a ƙa'idar majalisa wadda ta faɗa ɗakinka taka ce; shi ba zai wayi gari ya ga jinin Toka a kan rufin Mai Goyo ba. Zai ɗauki irinta ranar da ya ga dama, ai tana nan.

A shekararta ta tara Toka ta daina saka ƙwai. Wata ɗaya, wata uku, wata goma. Mijinta yana ta kurarinsa yana kai mata tsinke, ita kuma ta zauna a kasko ta tashi ba komai. Mai Agogo ya canja mata miji. Ya daka ɓawon ƙwan kaza ya zuba mata a hatsi. Ya fara mayar wa mutane agogonsu da kusa a kwance, abin da bai taɓa yi ba. A majalisa aka fara tambayarsa, cikin ladabi, yaya jikin tsohuwa. Sai a lokacin ya ƙirga da kyau: ƙwai fiye da hamsin ya fasa da hannunsa, kuma a duk duniya babu tantabara ko ɗaya da ta fito daga Toka.

Saura kwana tara a sa tantabaru a kwando domin dogon tseren shekara, ya hau rufi da safe ya tarar da ƙwai a ƙarƙashinta. Ya jira na biyu, bai zo ba. Ƙwai ɗaya tak, ɗan ƙarami. A kwana na biyar ya ɗaga shi a hasken rana, ya ga jajayen jijiyoyi sun bazu a ciki. Akwai rai.

Hanya mai sauƙi a buɗe take: ya bar ta a gida ta ƙyanƙyashe abinta, tsere ya wuce. Amma ya riga ya faɗa a majalisa cewa tsohuwar da suke yi wa gaisuwar jinya za ta ci na goma sha biyu. Ya yanke shawarar samun duka biyun. Ƙwan gaskiya zai koma wurin 'yan reno, ita kuma a ba ta ɓawon ƙwan wata tantabara da ƙwaro a ciki.

A nan akwai ƙa'idar da kowane mai kiwo ya sani. Tantabara ba ta kwanciya a kan ƙwai har abada. Kwana goma sha takwas ne lokacin ƙyanƙyasa; idan ba ta ji komai ba takan yi haƙuri ta ƙara kwana uku, sannan ta tashi ta bar shi. Saboda haka 'yan renon da za a ba ƙwai dole su kasance sun fara kwanci tare da mai ƙwan, ko da bambancin kwana ɗaya ko biyu. Mai Agogo ya san wannan fiye da kowa, kuma yana da waɗanda ya zaɓa: wasu farare biyu a akwatin lungu na hawan ƙasa. Washegarin ranar da Toka ta saka ƙwanta ya dawo ɗaukar tabaransa da ya manta, ya ga matarsa a durƙushe tana sa wa fararen ƙwan katako a kasko. Nan take ya rubuta ranar da alli a jikin akwatin, ya ji daɗin yadda lissafi ya faɗo daidai.

Bai san cewa ba ranar suka fara ba. Kwana takwas ke nan fararen suna kwance. Ƙwan katakon ne suka ɓata da kashi, ta ciro ta wanke tana mayarwa.

Ranar da ya zo canja ƙwan, ya dafa bango ya durƙusa da ƙyar, yana nishi. Matar tana tsaye a bakin ƙofa da bokiti. Ta ga akwatin da ya nufa, ta ga abin da ke tafin hannunsa.

"Maigida," in ji ta, "waɗannan fararen…"

"Ke, na aika a kira ki?"

Ya tura ƙwan a ƙarƙashin farar macen, ya rataya buhu a bakin akwatin don kada a dame su, ya ce daga yau ko tsintsiyarta kada ta kusanci lungun. Ta ce to.

Toka ba ta karɓi ɓawon da aka ba ta nan da nan ba. Ta tsaya a bakin kasko tana juya shi da baki, tana kallonsa ta wannan ido, ta kalle shi ta wancan. Sai da ƙwaron ya motsa sannan ta hau, a hankali. Washegari ya ɗauke ta ya miƙa wa Direba.

Ranar tsere tun da hantsi yana kan rufi da gwangwanin hatsi a hannu. Da azahar tantabarar Tela ta sauka. Bayanta ta Mahauci, jikar waccan mai karyayyen fiffike. Kafin la'asar ta yi sanyi yawancin na unguwa sun shigo, har da matasa biyu nasa. Ya tsaya yana kaɗa gwangwani har rana ta faɗi. Toka ba ta zo ba.

Washegari wajen ƙarfe goma ta sauko. Ba ta kewaya ba, faɗowa ta yi a kan siminti, fukafukai a sake, ƙafafunta da busasshen laka, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin wuƙa. Ta ja jiki ta shiga ɗaki, ta yi tsalle sau biyu kafin ta kai akwatinta, ta kwanta a kaskon da babu komai a ciki.

Ba shi kaɗai ya ga saukarta ba. Kafin ya sauko, majalisa ta taso daga ƙofar Tela ta dawo ƙofar gidansa. Mahauci ne a gaba, da wuƙarsa a nannaɗe cikin tsumma mai tsabta. Ya yi sallama, ya gaishe shi da kyau, ya yi masa barka da dawowar tsohuwa. Ya ce ya san wuƙar gidan ba ta da kaifi sosai, shi ya sa ya kawo tasa aro.

"Amma in da nauyi, ranka ya daɗe," in ji shi, "zanen nan da ka ce a saya mini yana nan. Sai in aiko maka."

Tela ya yi ƙoƙarin raba maganar. Ya ce tantabarar da ta ci sau goma sha ɗaya ta wuce doka, kowa a nan zai shaida an yafe mata. Wasu suka ce haka ne. Da Mai Agogo ya karɓi wannan, da an yi masa dariyar wata guda an manta. Amma ya dubi fuskar Mahauci, ya tuna da abin da ke bayan buhu a akwatin lungu, saura mako guda ya fashe. Ya ce doka ba ta san tsohuwa ba. Ya ƙara da cewa su adana dariyarsu, domin baɗi 'yar Toka ce za ta zo ta karɓi bashin uwarta a kan rufinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ya karɓi wuƙar, suka bi shi sama. Da ya kai hannu cikin akwatin, Toka ta sare shi, tana kare kaskon. Ya fito da ita, ya taka fukafukanta, ya yanka. Aikin bai ɗauki minti ɗaya ba. Ya goge wuƙar ya mayar wa mai ita, ya ce, "Ke," ya miƙa. Matar ta karɓa da hannu biyu. Ta ce ba nama a jikinta. Ya ce ta fige duk da haka.

Kwana uku bayan wannan, ya saki tantabaru da safe, ya kafa gorarsa, ya duba agogo. Da ya waiwaya sai ya ga fararen nan biyu a kan katangar rufi, tare. Namijin yana kumbura wuya yana kewaya macen, da tsinke a bakinsa. Mai kiwo ba ya buƙatar a fassara masa wannan: idan miji da mata suna waje tare, babu kowa a kan ƙwai.

Ya durƙusa ba tare da ya dafa bango ba, ya fizge buhun. Ƙwan yana gefen kasko, an ture shi, da sabbin tsinkaye a kansa. Ya ɗauka ya kara a leɓensa. Sanyi ƙalau, kamar dutse.

Ya kira ta. Wannan karon da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ta hau da hannunta jiƙe da ruwan wanke-wanke. Ya nuna mata rubutun alli, ya ce ga rana, ga lissafi, saura kwana biyar a kan lokacinsu. Me ta yi musu? Ta ce ba ta yi musu komai ba, ko lungun ba ta kusanta ba, kamar yadda ya ce. Sai dai allin ne ba daidai ba. Ta gaya masa ranar da fararen suka fara kwanci, da ranar da ta wanke ƙwan katako. Ya tambaye ta yaushe suka tashi. Ta ce shekaranjiya da hantsi, tana shara ta ga sun fito.

"Shekaranjiya? Kina gani, ina shago, taku ɗari tsakaninmu?"

"Ina gani, Maigida."

"Me ya hana ki magana?"

"Ba ka aika a kira ni ba."

Ta tsaya kaɗan ko zai ƙara wani abu. Da bai ƙara ba, ta koma kan wanke-wankenta.

Bai haƙura nan da nan ba. Ya sa ƙwan a ƙarƙashin wata da ke kwanci a hawan sama, ya jira har kwana na ashirin da biyu. Sannan ya kai shi shago, ya manna gilashi a ido, ya yanke kan ɓawon da siririn zarton nan. Akwai ɗan tsako a ciki, a dunƙule, da baki da ƙafafu da manyan idanu a rufe. Mai sayar da fitilu ya ce Mai Agogo ya daɗe yana kallon tsakon, har wani mai karɓar agogo ya gaji da sallama ya tafi. A ranar ya koma gida ya yanka fararen biyu, ya miƙa mata. Ta fige.

Ya ƙara shekara shida yana shiga tsere, bai sake wuce na huɗu ba. Dabarar ƙwaro ya gwada ta a kan wasu. Waɗansu suka watsar da ɓawon, waɗansu suka dawo a tsakiyar tawaga kamar kowa. Dokarsa kuwa bai sassauta ta ba, har hawan sama ya koma akwati uku masu rai. Ɓawon ƙwan yana nan a aljihun tebur na ƙasa, nannaɗe da auduga, tare da agogon mutanen da suka makara.

Hanyar Mahauci zuwa kasuwa ba ta bi ta gaban shagon ba, amma tun daga wannan shekara ya mayar da ita hanyarsa. Kowace safiya yakan tsaya, ya yi sallama cikin sanyin muryarsa, ya tambayi lafiyar gida, sannan ya tambayi ko 'yar Toka ta fara tashi. Mai Agogo ba ya ɗaga kai daga aikinsa. A daidai lokacin matarsa tana kan rufi da tsintsiya da bokiti, tana share akwatunan, har da waɗanda ba kowa a ciki.